Taken Noman Baba

Idan aka tambaye ni sana'ata nakan ɗan yi jim, domin amsar tana da tsawo, mai tambayar kuma ba ya jira. Ni dai ba mawaƙi ba ne, muryata ko akuya ba za ta tsaya saurare ba. Ni ne mai kiɗan nan da ke tashi a ƙarƙashin fim, wanda yake sa mace ta fara share hawaye tun jaruma ba ta buɗe baki ba, ko ya sa gaban mutum ya faɗi alhali ƙofa kawai aka nuna masa. Ba mai kula da shi. Sai an cire shi za ka ji fim ɗin ya yi salam, kamar miyar da aka manta sa mata gishiri. Na yi wa finafinai, na yi wa shirye-shirye masu dogon zango, na yi wa tallan sabulu da na taki, har wasan waya na taɓa yi wa kiɗa, irin wanda yara ke dannawa suna tsallake ramuka. Duk a ɗaki ɗaya nake yi a Kano, bangonsa liƙe da soso, ga fiyano, ga kwamfuta, ga janareta yana ɓaɓatu a bayan taga. Ba ni da zama. Matata ta ce ko tuwo nake ci ƙafata ba ta daina kaɗawa, kuma gaskiyarta ce.

Ni mutumin Balan ne, a ƙasar Gaya. A harkarmu akwai abin da ake yi: a ba wa kowane mutum na cikin labari sautinsa, ta yadda da an ji an san wane ne tafe, ko da ba a nuno fuskarsa ba. Ni wannan a gona na fara saninsa, don a garinmu sunansa take. Idan aka yi gayya, maza suka jeru a bakin gona kowa da garmarsa, Sarkin Kiɗa yakan rataya gangar noma ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk manomin da ya isa yana da nasa bugun. Da an buga sai ka ga mai shi ya zabura, ya ɗaga garma sama, ya kama layinsa. Ba a aron take, ba a buga na wani don wani. Idan ka ji shi, to mai shi ake kira.

Taken Baba tun yana saurayi aka yi masa shi, mahaifin Sarkin Kiɗan yanzu ne ya ƙirƙira masa. Yana farawa da nauyi, ƙasa-ƙasa, sai can ƙarshe ya yi wani ɗan tsalle. Kaf yankinmu har cikin ƙauyukan Ajingi, babu babban da bai san bugun nan ba.

Ni ne ɗan farinsa. Wanda ya tashi a birni yanzu, yana ɗare kafaɗar ubansa suna ɗaukar hoto, ba zai gane nauyin maganar nan ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan dole ta kama sai ya ce "yaron nan", ko ya ce "wancan". Ba ƙi ba ne, alkunya ce, haka ya taras ana yi. Ƙannena suna zama kusa da shi su yi hira har da dariya, ni kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, in durƙusa daga nesa, ya amsa yana kallon wani wuri. Duk maganar da ke tsakaninmu sai ta bi ta bakin Goggo, yayarsa, wadda ita ta raine ni. Lokacin da na ce zan bar gari in je Kano koyon kiɗan fiyano, ita ta kai masa, ita ta dawo min da amsa: "Allah ya tsare." Daga nan bai ƙara tambayar abin da nake yi ba. Abin yana ci na a rai, ba zan ɓoye ba. Ina so ya ji aikin hannuna ko da sau ɗaya ne.

Ana nan sai wani darakta da muka saba aiki ya kawo min sabon shiri mai dogon zango, labarin ƙauye. A ciki akwai wani dattijo manomi, mutumin kirki, wanda duk rigimar da ta tashi a garin gindinsa ake kawowa. Darakta ya ce, "Mutumina, wannan dattijon shi ne ginshiƙin labarin. Ba na son fiyanon soyayyar nan taku. Ina son da an ji sautinsa a ji ƙamshin ƙasa." Ai kafin ya rufe baki na riga na ji bugun a kaina. Na kalli ɗan abin da suka ɗauka, dattijon yana tafe da garma a kafaɗa, wallahi har takunsa irin na Baba ne. Washegari na kama hanyar Wudil, na sauka Gaya, na hau acaɓa zuwa gida.

Ban yi da ka ba. Na zauna na yi wa Goggo bayani dalla-dalla: mutumin kirki ne, mai gaskiya ne, ana so a girmama shi. Ta gyara ɗankwali ta nufi turakar ƙaninta, ni kuma ina tsakar gida ina safa da marwa. Da ta dawo ta ce, "Ya ce take ai don a ji aka yi shi. Ya ce ka je wajen Sarkin Kiɗa." Ta ƙara da nata, wai da ta faɗa masa sai da ya shafa gemu. Goggo ta san ƙaninta, ta ce wannan shafa gemun murna ce.

A gindin tsamiyar bakin gari na ɗauki sautin, da hantsi. Sarkin Kiɗa yana ta tsokana ta, wai na je birni na koyo kiɗan danne-danne, ga shi na dawo wajen fata da gula. Na koma Kano da shi, na gyara, na sa masa wani sautin goge siriri a ƙasa, amma bugun ban taɓa shi ba, har ɗan tsallen ƙarshen. Darakta da ya ji sai da ya tashi tsaye. Na miƙa wa edita, mai haɗa hoto da sauti, ya ajiye shi a kwamfutarsa da sunan dattijon.

Da shirin ya fara fita kuwa ya karɓu. A garinmu ba a jira wuta ko talabijin, akwai masu turi a kasuwar Gaya, ka miƙa wayarka ko memori su zuba maka sabon fitowa. Ranar da kashi na farko ya iso Balan, ƙanwata ta kira ni tana haki. Ta ce a majalisar ƙofar masallaci aka kunna, dattijon yana fitowa ganga ta tashi, sai majalisar gaba ɗaya ta juyo ta kalli Baba. Wani tsoho har da ɗaga sanda sama. Na ce shi fa, me ya ce? Ta ce sawa kawai ya yi aka maimaita wurin. Bayan sati sai ga wani direba ɗan garinmu ya kawo min ƙwan zabi a cikin kwano, an shimfiɗa masa dusa. Ya ce Goggo ce ta ba shi, amma ta ce a gaya min ba daga ita ba ne. Ranar na daɗe ina kallon kwanon nan. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

To ga yadda ake aiki a wurinmu, don a nan abin ya lalace. Shiri mai dogon zango ba a gama rubuta shi kafin a fara. Ana haskawa ana rubutawa, ana duba abin da masu kallo suke faɗa ana karkata labari. Mai kiɗa kuwa aikinsa a farko ne. Ka yi na baƙin ciki, ka yi na tsoro, ka yi na kowane babban jarumi, ka miƙa, shi ke nan an sallame ka. Daga nan edita ne mai iko, duk inda mutum ya fito sai ya jawo sautinsa ya ɗora. Ni tuni na koma kan wani aikin, kiɗan wani wasan waya ne da masu shi suka ishe ni da a ƙara sauri, a rage sauri. Shirin ma na daina bibiya.

Ashe a tsakiyar zango na biyu wanda yake fitowa a mugu ya yi faɗa da furodusa, ya ɗauke ƙafa. Labari ba mugu ba ya tafiya. Marubuci ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba wanda masu kallo suka yarda da shi kamar dattijon nan, ya ce to shi za a juya, cin amanar ta fi zafi. Aka ce ashe duk kirkin nan lulluɓi ne, dattijo gonar marayun ɗan'uwansa yake ci.

Ina situdiyo da rana tsaka ƙanwata ta kira, ta ce ga Goggo. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ɗan nan, me Babanka ya tsare maka?"

Na ce, "Goggo, lafiya?"

"Idan magana ce da kai, ni ina raye. Tun kana zanen goyo nake kai taka ina kawo tasa. Sai ka tsallake ni ka je ka faɗa wa duniya da ganga?"

Na rasa gane kanta. Sai da ƙanwata ta karɓi wayar ta ce in nemi fitowar makon nan in kalla. Na kalla a tsaye. An nuno dattijon ya je gona da sassafe, ya tsuguna a kan iyaka, yana tumɓuke gambar da ta raba gonarsa da ta marayu yana matsar da ita ciki. Ga taken Baba yana tashi a ƙasa, da gogen nan da na sa masa da hannuna. Ɗan tsallen ƙarshen kuma ya faɗo daidai inda ya ɗago kai yana waige-waige kar a gan shi. Editan ya iya aikinsa, Allah ya isa.

Ga inda matsalar take, Baba yana riƙe da gonar marayu. Ƙaninsa, Baffa, ya rasu ya bar yara ƙanana. Da matarsa ta gama takaba ta koma gidansu a Toranke da su, aka bar gonar a hannun Baba. Shi yake nome ta, da kaka ya loda amfanin a amalanke ya aika musu. Ba wanda ya taɓa kama shi da ko zangarniya. Sai dai kawunnan yaran sun daɗe suna ƙunƙuni, wai babban ya girma, ya kamata a miƙa masa abinsa, Baba kuma ya ce a bari ya yi iyali tukuna. Marubucin nan bai taɓa taka Balan ba, bai san da wannan ba. Amma wa zai gaya wa mutanen garinmu haka? Sun ji take, sun ga gonar marayu, sun san ɗan wa ya yi kiɗan.

Ban ko kashe janareta ba na fita. A ofishinsu na taras da darakta da edita suna cin gurasa. Na ce a cire sautin nan yau ɗin nan. Darakta ya ce in zauna. Na ce ba zama ya kawo ni ba.

Ya ce, "Haba mutumina, sautin nan fa shi ne dattijon. Masu kallo sun haddace shi. Yanzu ma ya fi daɗi, da an ji shi gaba yake faɗuwa."

Na ce, "Taken ubana ne. Na gaya maka tun farko."

"Ka gaya min, na kuma yaba. Amma fim ne fa. Wa zai ɗauki fim da gaske?"

Na ce ya zo mu je Balan ya yi wannan tambayar a ƙofar masallaci. Edita ya tsoma baki, wai ai ganga ganga ce, shi bai ji wani suna a ciki ba. Nan kaina ya ɗau zafi. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita a nan ba, har masu shagon ƙasa suka hawo. Da ƙura ta lafa, darakta, wanda ba mugun mutum ba ne, ya ce in kawo wani sautin su canja a waɗanda ba su fita ba. A yinin nan na haɗa musu wani, ƙazamin abu mai kama da kukan ƙofa, na kai musu da ƙafata, na tsaya a kan edita sai da na ga ya goge na Baba. Waɗanda suka riga suka fita kuwa, darakta ya ce ko an sauke su daga intanet aikin banza ne, sun shiga wayoyin mutane.

Duk da haka na kasa zama. Na kama hanyar Gaya, ranar kasuwa ce, na bi rumfunan masu turi ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge. Wani ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai shi ake nema yau." Wani ya goge a gabana don kunyar idona, na san ina juya baya zai karɓo a maƙota. A rumfar ƙarshe na ga abin da ya fi ƙona min rai. An yanko wurin tumɓuke gambar kaɗai, ɗan guntu, ana tura shi daban. Ina tsaye wani mai acaɓa ya wuce yana fito da baki, bugun Baba yake bi.

Da na isa gida, majalisar ƙofar masallaci tana cike amma ba Baba. Na yi sallama, aka amsa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Goggo ta ce tun ranar da abin ya iso, daga gona sai masallaci sai ɗaka. Na rantse mata da Allah ban san za a juya labarin ba. Ta ce ita ta yarda, ita ta goye ni. "Amma ka san abin da gari yake faɗa? Cewa suke ɗan fari ba ya iya kallon idon uba ya gaya masa ya ci haram. Sun ce shi ya sa ka bi ta kiɗa, ka fara da yabo don a saurara, sannan ka fasa ƙwan." Na ce to shi Baba me ya ce? Ta ce da ta je masa da zancen, carbinsa kawai ya ɗauka.

Sai na ga gara in je Toranke in kashe wutar daga tushe. Na hau acaɓa, hanya duk taɓo, muna sauka muna turawa. Na shirya za a tarbe ni da faɗa, abin da na taras ya fi faɗa muni. Babban kawun yaran ya taso da kansa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo fura da nono.

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Saƙo ya iso."

Na ce, "Kawu, wane saƙo? Ba saƙon da na aiko. Kuskure ne na masu haɗa fim."

Ya yi murmushi ya kalli 'yan'uwansa. "Ai ba sai ka faɗa ba. Uba uba ne, mun san alkunya."

Na yi bayani, na sake yi. Na faɗi edita, na faɗi furodusa, na faɗi wanda ya yi fushi ya tafi. Duk rantsuwar da na yi sai su gyaɗa kai su ce madalla da ɗa mai ladabi, ya faɗi gaskiya kuma yana rufa wa mahaifinsa asiri. Kai, ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Furar nan ko kurɓa na kasa.

Babban ɗan Baffa ne ya rako ni bakin hanya. Saurayi ne mai hankali, tare da ƙannena ya yi wasan ƙasa kafin su tashi. Ya ce, "Yaya, ni wallahi ban taɓa zargin Baba ba. Amma da na ji takensa a wurin nan, na ce idan kai da kake ɗansa ka ga wani abu, ni wane ne?" Na ce ban ga komai ba, ba abin gani. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ba ta yarda ba ce, ta girmamawa ce kawai.

Ashe zuwana ma ƙara wa wutar itace ya yi, don kafin in dawo labari ya riga ni, wai an gan ni a Toranke ana sa min albarka. Baba bai jira ba. Ya aika aka kira mai unguwa da liman da kawunnan yaran, aka ɗunguma zuwa gonar. Damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu. Mai unguwa ya ce a bari a yi kaka mana, ba a miƙa gona da shuka a tsaye. Baba ya ce yau. Ya shiga gaba, ya zagaya da su iyaka, yana nuna kowane gindin gamba da sandarsa, yana faɗin wanda ya dasa. Ba wanda ya sami inda aka matsa ko taki ɗaya. Ya ce wa ɗan Baffa ga gonar ubansa nan, da geron da ke ciki, da takin da aka zuba. Aka shafa fatiha. Na ɗauka magana ta mutu, sai ga shi a hanyar komawa na ji wani a bayana yana cewa, da ba gaskiya ba ce ai ba zai yi wannan saurin ba.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba. Na bi shi gonarsa, ba Goggo, ba kowa. Yana zaune a inuwar ɗorawa yana gyara ƙotar garma. Na durƙusa kusa da shi, kusancin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, na ce, "Baba, magana na zo da ita." Bai kalle ni ba, amma hannunsa ya tsaya. Na zayyane masa komai. Na ce don a girmama shi na yi, na ce an cire, na ce ban taɓa tunanin ya ci haƙƙin kowa ba. Ya bari sai da na kai aya.

Ya ce, "Shi wanda ya rubuta labarin, ya san ni?"

"Bai san ka ba, Baba."

"Mai haɗa hoton fa?"

"Shi ma bai san ka ba."

Ya gyaɗa kai. "To duk cikinsu kai kaɗai ne ka san ni." Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Har yau ban san ko tuhuma ce ko faɗa kawai ya yi ba, kuma ban da bakin tambaya. Wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da shi.

Na koma Kano amma hankalina yana gida. In zauna gaban fiyano in tashi, in kunna in kashe. Masu wasan waya suka gaji suka kai aikinsu wani wuri. Ana haka ƙanwata ta kira ta ce za a yi gayya. Ɗan Baffa ya karɓi gona ba shiri, ga huɗa ta zo, shi kaɗai ba zai iya ba, Baba ne da kansa ya ce a taru a yi masa. Na ji wani sanyi a raina. Na ce ga dama ta samu. Za a buga taken a inda aka haife shi, a gonar marayun, a gaban mutanen Toranke, Baba ya ɗaga garma ya nome musu ita kyauta. Duk wanda ya ga wannan ai ya manta da na waya. Da na sauka gari na biya ta gidan Sarkin Kiɗa na ce idan ya zo kan na Baba ya saki hannu. Wannan karon bai tsokane ni ba. Ya ce, "Ni dai duk wanda ya fito da garma dole in kira shi."

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Maza suka jeru a bakin gona, na Balan da na Toranke, mata suna sauke ƙoren kunu a gindin bishiya. Ni ina gefe, ƙafata ta ƙi tsayawa. Sarkin Kiɗa ya fara daga hannun dama. Ya buga na wani, mai shi ya yi kururuwa ya faɗa gona. Ya buga na wani, shi ma haka. Baba yana tsakiyar layi, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani, garma a hannu.

Sai aka zo kansa. Gangar ta fara da nauyin nan nata, ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Na ga idanun mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa gambar kan iyaka, ba da niyya ba, kunnensu ne ya kai su. Da ɗan tsallen ƙarshen ya zo, ni kaina, ni da na san komai, fuskar ɗan wasan nan ce ta faɗo min yana waige-waige. Na ji tsoro, domin na san aikina, abin da aka ɗaura wa sauti ba ya kuncewa.

Baba bai ɗaga garma ba. Ya jingine ta, ya tako a hankali har gaban Sarkin Kiɗa, ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar gangar. Sautin ya mutu.

Ya ce, "Bar shi haka, Sarki. Wannan na mutumin cikin waya ne yanzu."

Ya koma layinsa, ya tofa yawu a hannu, ya sunkuya. Sarkin Kiɗa ya ɗan jira, sannan ya buga na mutumin da ke gefensa. Baba ya yi huɗarsa har ƙarshen gonar ba mai kiransa.